Sawu a Yashin Gidan Hutu

Mai shara ce ta fara gani. Ta shigo falo da bokitinta kamar kullum, ta yaye labule don haske ya shigo, tana waiwayowa bokitin ya suɓuce mata. Farin bangon da ke dama da ƙofa, wanda duk mai buɗe shafin gidan a intanet shi yake fara gani a hoto, an kankare shi tun daga daidai gwiwa har kafaɗar mutum. Fenti ya zube a ƙasa kamar ɓawon ƙwai, a wasu wuraren an ci filasta har bulo ya leƙo. Ba a ɗauki komai ba. Ƙatuwar talabijin tana nan a maƙale, tawul na nan a naɗe, ko cokali bai yi ƙafa ba. Kuma da yammacin ranar ne baƙi za su iso.

Kafin Auta, mai gidan, ta ƙaraso daga cikin gari, rabin unguwa ya hallara a bakin get. Sun ma gama shari'a, ita kawai suke jira ta zo ta sa hannu.

Gidan a bakin tafki yake, kuma a cikinsa aka haife ta. Bara ta ajiye aikinta na banki, ta ce za ta mai da gidan mahaifinta gidan hutu, irin wanda masu hannu da shuni ke kamawa gaba ɗaya su yi 'yan kwanaki da iyalinsu nesa da hayaniyar birni. Mutane suka yi ta dariya a bayan idonta, ita kuwa ta toshe kunne. Ta rushe inda za ta rushe, ta faɗaɗa falo, ta haƙa wurin ninkaya, ta sa aka shimfiɗa farin yashi a tsakar gida. Mahaifinta, wanda idonsa ya yi rauni tun bayan rasuwar matarsa, ta mai da shi wajen ƙanwarsa a can ƙarshen hanyar tafki, ta saya masa katifa da fanka, kuma ba wanda zai ce ta taɓa barinsa da yunwa. Wasu masu gidaje a bakin ruwan sun yi mata alkawari, in nata ya karɓu za su danƙa mata nasu ta riƙa gudanarwa da sunanta. Baƙin da ake jira kuwa su ne manya na farko, irin waɗanda in sun yaba wuri abokansu ke biyo baya, in sun kushe shi sai dai a rufe.

Doka ɗaya take maimaita wa ma'aikatanta har sun haddace: baƙo ya tarar da gidan kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba. Ba hoton kowa a bango, ba tabon yatsa a madubi, ba sawu a yashi. Safe da yamma mai shara ke bin tsakar gidan da manjagara tana fitar da layuka a jere, tana ja da baya don kada ita ma ta bar nata.

Wanda unguwa ta yanke wa hukunci shi ne mai fenti. Sau uku Auta ta sa shi ya sake wannan bangon, wai farin bai kai farin da take so ba. A karo na ukun, a gaban mai shayi da duk masu zaman bencinsa, ya ce wata rana da hannunsa zai kankare shi kowa ya huta. Yanzu ga shi zaune a ƙasa a gindin get, matasa biyu a kansa, hularsa a hannun wani.

Auta ta shiga ta ga bangon, ta fito idonta jajir amma ba hawaye. Ta rantse ko wane ne ya yi mata wannan, sai ya kwana a hannun 'yan sanda. Abin da ya hana ta kiransu nan take shi ne tsoron motarsu a ƙofar gida da wayoyin mutane a sama suna ɗauka. Mai gadi ne ya ce a kira Duba-ƙasa.

* * *

Ya zo a kan tsohon kekensa, bai yi sauri ba. A ƙuruciyarsa sawun shanun sata yake bi, daga baya ya yi shekaru a gandun daji yana bin masu farautar da aka hana, yanzu kuma da gwiwa ta fara ƙara, akuya da babur da janareta ake kiransa a kansu. Sunan ya bi shi ne don ba ya ɗaga kai. Matarsa takan ce in ta ɓace a kasuwa kada a tambaye shi kamanninta, a tambaye shi diddigenta. Mutum ne mai sanyin magana, abu ɗaya ke ɓata masa rai a duniya, taron jama'a a kan sawu. Da ya ga yadda aka tattake gaban gidan sai ya ja tsaki, ya ce ko garken tumaki aka koro ta nan sai haka.

Auta ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce masa kafin rana ta karkata take son suna, in bai kawo wani ba, mai fenti ne. Ya ce to, ya jingine kekensa.

Da mai gadi ya fara. Mai gadi ya dafa ƙirji ya ce ko ƙiftawa bai yi ba, ko ɓera bai gifta ta gabansa ba. Sai aka kunna kyamarar get, aka ga bawan Allah ya fita da asuba da butarsa, bai dawo ba sai da rana ta fito, yana tafe yana goge baki. Ya ce ai masallaci ya je. Aka ce da gaske, amma limamin nan ba ya raba shayi. Kyamarar ba ta nuna kowa ya shiga ba, kuma ita kaɗai ce a gidan, don masu kuɗi ba sa biya a riƙa kallonsu cikin gajeren wando.

Mai shara ita ce ta biyu, kuma tun kafin a tambaye ta take kuka. Da Duba-ƙasa ya ce ina sawun da ya kamata a gani a tsakar gida, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta share. Ta iso da safe ta ga an taka yashi, ta zaci mai gadi ne, ta zage shi a zuciyarta, ta ɗauki manjagara ta gyara kafin ta shiga falo. Auta ta yi kanta kamar za ta cinye ta, tana tambayar wa ya ba ta kuɗi ta ɓoye shaida.

"Anti, ke kika ce in na ga sawu kada ya kai minti," in ji matar, tana goge hanci da bakin mayafinta.

Auta ta juya. Da aka matsa wa mai shara sai ta tuna ba ta kai ga lungun bayan kicin ba, don ta ce sai ta gama falo tukuna. Duba-ƙasa ya roƙi kowa ya tsaya inda yake.

* * *

A lungun nan sawun na nan fes, shiga da fita. Silifas ne na roba, takun gajere, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Waɗanda suka leƙo ta katanga suka kai labari waje, nan take aka ɗauki shewa, don kowa ya san mai fenti ya taɓa faɗowa daga tsani kuma har yau yana ɗingisa ƙafar hagu. Aka cire silifas ɗinsa aka kawo, aka ɗora a gefen sawun, ya zauna daram. Auta ta ciro waya.

Duba-ƙasa ya ce ta ɗan dakata. Ya ce ta dubi ƙafafun masu tsayuwa a get, rabinsu wannan silifas ɗin ne a ƙafarsu, daga shago ɗaya. Ya tafi ya tsuguna a gaban mai fenti, ya ce a mayar masa da hularsa. Mai fenti bai musa maganar da ya yi a wajen mai shayi ba. Ya ce ya faɗa, kuma ranar ma da zai samu dama da ya faɗi abin da ya fi haka. Amma bangon da ka shafa sau uku har kafaɗarka ta yi tsami, ba ka iya sa masa ƙarfe. Ya ce abin da ke cin ransa ba caji ofis ba ne, 'yarsa ce da ta wuce makaranta ta gan shi a ƙasa, ta kau da kai don kada ƙawayenta su gane babanta ne.

Akwai kuma wanda ake raɗe-raɗinsa ƙasa-ƙasa, maƙwabcin gidan, mai ɗan masaukin da direbobi da masu sayen kifi ke kwana. Tun da aka fara aikin yake gunaguni, har ya taɓa cewa an kawo musu gidan da kwana ɗaya a cikinsa ya fi ƙarfin mutanen layin gaba ɗaya. Auta Kawu take ce masa, don tare da mahaifinta suka taso, amma rabon da su gaisa da fara'a an daɗe. Da Duba-ƙasa ya same shi a kan kujerarsa, sai ya ce in hassada ake nema yana da ita buhu-buhu, amma shi da ko tsugunawa ba ya iya yi sai an ɗaga shi, yaya zai kankare bango daga gwiwa?

Duba-ƙasa ya koma falo ya daɗe a gaban bangon. Mai ɓarna yakan yi sauri, ya ja ƙarfe ta ko'ina don ya ɓata da yawa. Wannan kuwa a hankali aka yi shi, da 'yar ƙaramar wuƙa, kaɗan-kaɗan, wuri ɗaya ake ta komawa. A gefen ƙofa akwai dattin tafin hannu, kuma da ya bi shi sai ya ga ya ci gaba a jikin farar katanga har bayan kicin, a tsayi ɗaya, kamar wanda ke tafe yana shafa. A ƙarshen lungun, bayan furannin da aka dasa don su rufe ta, ga wata 'yar tsohuwar ƙofa ta ƙarfe. Duk makullan gidan an sauya su, ita kaɗai aka manta.

Daga nan ya fito tsakar gida ya kwanta rub da ciki a gefen yashin, ya kare ido da hularsa. Manjagara tana gyara sama ne kawai, inda nauyin mutum ya danna yana nan a ƙasan layukan ga mai haƙurin dubawa. Ya ga sawun ya fito daga lungu ya miƙe zuwa falo, amma a tsakiyar fili, inda babu kujera, babu tukunyar fure, babu komai sai yashi, sai ya karkata ya yi rabin da'ira mai faɗi sannan ya koma kan hanya. A dawowa ma haka, a daidai wurin. Duba-ƙasa ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya sake komawa wajen mai masauki ya tambaye shi me ke tsakiyar gidan nan a da.

"Rijiya," in ji tsohon. "Mai zurfi kuwa. Matar gidan kullum cikin faɗa take kada yara su matsa kusa. Ita aka fara cikewa da aka zo aikin."

Duba-ƙasa ya fita ta 'yar ƙofar ƙarfen ya bi hanyar tafki, kansa a ƙasa. Bai daɗe ba ya dawo, kuma waɗanda suka san shi sun lura tafiyar tasa ta yi nauyi.

* * *

Ya sami Auta a falo tana waya da mai kawo furanni, ya ce yana son magana da ita su biyu. Ta ƙi. Ta ce a gaban jama'a aka wulaƙanta ta, a gaban jama'a za a faɗi sunan, ba za a je lungu a roƙe ta ta yafe ba. Ya sake roƙo, ya ce 'yata, wata maganar ta fi kyau a ɗaki. Ta ce ko an saye shi ne shi ma? Wannan maganar ta yi masa zafi, amma ya haɗiye, don ya san nan da ɗan lokaci ita za ta fi shi jin zafi.

Ya sa mai shara ta gyara yashin tas. Aka shigo da mai fenti, da mai gadi, da mai masauki yana dogara sanda yana mita, sauran jama'a suka cika bakin get da saman katanga. Ya ce kowa ya taho daga lungun kicin zuwa ƙofar falo, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba tafiya. Mai gadi ya wuce yana ƙame kamar soja. Mai shara ta wuce a ɗarare, tana jin ciwon kowane taku da take ɓata aikinta da shi. Mai fenti ya ɗingisa ya wuce. Mai masauki ya ce shi rabonsa da gidan nan tun ana zaman mutunci, ya ja sandarsa ya wuce. Dukkansu miƙewa suka yi sak, ta tsakiyar fili.

Auta ta ce wannan wane irin wasan yara ne, baƙi na hanya. Duba-ƙasa ya ce saura abu ɗaya, ya bar makulli a jikin ƙofar bayan furanni, ta taimaka ta ɗauko masa da kanta. Ta tafi a fusace ta baranda, ba ta ga makulli ba, ta dawo ta kan yashi da sauri tana faɗa tun daga nesa, tana cewa ya raina mata hankali. Sai da ta iso gabansa ya ce ta waiwaya.

Ga layuka huɗu a miƙe. Ga nata, mai tsinin dunduniya, ya taho daidai, ya karkata a tsakiyar fili ya kewaye wurin da babu komai, sannan ya dawo hanya. Watanni ke nan tana wannan kewayen ba ta sani ba, manjagara na bin bayanta safe da yamma tana sharewa.

"Haka wanda ya shigo da asuba ya yi," in ji Duba-ƙasa, muryarsa ƙasa yadda na kan katanga ba za su ji ba. "Ƙafarsa ba ta san an cike rijiyar ba. Kuma yana tafe yana shafa bango, don idonsa ba ya nuna masa hanya."

Auta ta tsaya tana kallon yashin. Wayar da ke hannunta ta yi ta ƙara, ba ta ɗauka ba. Mai masauki ne ya fara ganewa bayan ita, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Can ta juya wajen mai fenti, ta durƙusa har ƙasa a gaban kowa ta ce ya yafe mata, ta kuma ce da yamma za ta je gidansa ta faɗa a gaban 'yarsa. Mai fenti ya ce ba komai Anti, amma bai iya kallonta ba. Mai gadi ya kori mutane, suka watse ba su samu abin da suka zo gani ba.

* * *

Ta bi hanyar tafki a ƙafa, Duba-ƙasa na biye da ita a nesa kaɗan. Suka tarar da mahaifinta a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, farin gari a hannun rigarsa da ƙarƙashin faratansa, yatsa ɗaya ɗaure da tsumma. Gwaggo, ƙanwar tasa, ta tare su tana cewa tun safe take tambayarsa ina ya je, ya ƙi faɗa, sai murmushi yake ta yi shi kaɗai, abin da rabonta da gani tun rasuwar matarsa.

Tsohon ya gane takun Auta kafin ta yi sallama. Bai ɓoye komai ba, bai ma san akwai abin ɓoyewa ba. Ya ce ya ji Gwaggo na cewa yau manyan baƙi za su shiga gidan, sai ya ce bari ya je ya duba yaran kafin a hana shiga. Ya ce masu fentin nan ba su da hankali, sun shafe su, amma ya same su, duk suna nan.

Auta ta san abin da yake nufi. A tsohon falo, dama da ƙofa, nan mahaifinsu yake jingina su da bango duk shekara, ita da yayanta, ya ɗora tafin hannu a kansu ya ja layi da ƙusa. Na yayan ya tsaya a daidai ƙirjin babban mutum, shekarar da zazzaɓi ya ɗauke shi. Nata ya ci gaba da hawa, ya kamo nasa, ya wuce. Ba su da hoton yaron ko ɗaya mai kyau, wannan layin shi ne abin da ya rage na tsayinsa a duniya. Kuma wancan bangon babu shi. A makon farko na aikin ta sa aka rushe shi don falo ya yi faɗi, aka matsar da ƙofa gaba, aka kwashe ɓaraguzan a tifa. Tana tsaye aka yi, da tabarau a idonta, tana waya. Ko tunawa da layukan ba ta yi ba. Tsohon ya lalubi ƙofa, ya juya dama kamar yadda ya saba, ya yi ta kankarar sabon bulo, kuma abin da yatsunsa suka ji suka yi murna, zanen wuƙarsa ne.

Ya ce ta kai shi ya nuna mata. Gwaggo ta ce rana ta yi zafi, ya ce shi ba ruwansa. Auta ta kama hannunsa suka taho a hankali, suka shiga ta 'yar ƙofar ƙarfe, suka kewaye rijiyar tare.

Mai fenti na falon, ya riga ya kwaɓa filasta ya buɗe bokitin fenti, don ya ce in aka bar shi zai rufe wurin kafin baƙi su sauke kaya. Da ya ga tsohon sai ya ja gefe. Shi ma ya san wane bango ne wannan, da hannunsa ya yi masa shafen farko.

Tsohon ya durƙusa da kyar, ya ɗora yatsa a kan wani zane. Ya ce wannan shekarar da Auta ta fara tafiya ce, sai da uwarta ta riƙe ta don ta ƙi tsayawa. Ya hau sama kaɗan ya ce wannan ta yi satar ɗage, ya kama ta. Ya ci gaba yana lalube har yatsan ya tsaya a wani rami mai zurfi inda wuƙar ta ci bulo, ya daɗe a wurin.

"Ga Yayanki nan," ya ce. "Ko ba shi ba ne? Idon nan nawa ba ya gani, duba min."

Duba-ƙasa, wanda ya yi rayuwarsa yana faɗin abin da alama ta nuna ko da ba a so, ya kafa ido a kan tayil.

"Shi ne, Baba," in ji Auta. "Yana nan."

Ya gyaɗa kai, ya ce ai ya sani. Sai ya miƙe yana dafa bango, ya laluba aljihu ya ciro 'yar wuƙar, ya ce rabon da ya auna ta an daɗe, ta cire takalmin nan mai tsini, ban da satar ɗage. Ta cire. Ta jingina bayanta da bangon da ya cinye mata shekara guda, garin filasta na zuba a kan rigarta. Ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya ja layi a saman farin fentin da bai taɓa ba. A nan ne kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata, ba sauti, don kada ya ji. Ya ji duk da haka, ya ce mene ne abin kuka, ai girma ta yi.

A waje aka yi hon. Mai gadi ya leƙo ya ce baƙi sun iso, motoci biyu. Mai fenti ya ɗaga buroshi yana kallonta, yana jiran umarni. Ta goge fuska da bayan hannu, ta ce ya rufe bokitinsa ya tafi gida, a bar bangon yadda yake. Mai shara ta ce to yashin fa, Anti, duk an tattake. Ta ce a bar shi shi ma.

Ta zaunar da mahaifinta a kan kujerar da aka tanada don baƙi, ta fita tarbarsu ba takalmi, ba ta san me za ta ce musu ba, ba ta kuma san ko za su kwana ba. Duba-ƙasa bai jira sallama ba. Ya ratsa tsakar gidan zuwa inda ya jingine kekensa, da ya zo tsakiya sai ya kewaye.